Ɗakin Gumi Da Wankan Jego: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani Kafin Ta Hura Wuta

  Yau zancenmu a kan zafi ne, watau zafin da muke hura wuta da hannunmu, mu gasa jiki da shi don neman lafiya. Na fi nufin matan Tambuwal da Kebbe da garuruwan da ke kewaye da su, irin su Dogon Daji da Sanyinna da Jabo da Kuchi, amma duk inda kike a ƙasar Hausa zancen ya shafe ki.

Abin da ya kawo maganar shi ne ɗakin gumi na Turawa, wanda suke kira sauna. Kada ki ji sunan ki ɗauka sakarai ake nufi, kalma ce ta mutanen ƙasar Finlan, ta zo daidai da tamu ne kawai. Yanzu ana ganin irin wannan ɗaki a manyan otal-otal da gidajen gyaran jiki na birane, har ana sayar da ƙananansa waɗanda ake naɗewa a ajiye. Wata ta gani ta yi sha'awa, ta ce ita ma sai an yi mata a gida. To, kafin ki sa maigida ya kashe kuɗinsa, bari mu duba abin nan tare. Za ki ga ashe mun daɗe da namu, gyara kawai yake so.

Yadda na Finlan yake

Finlan ƙasa ce ta can arewacin Turai, mai tsananin sanyi. Mutanenta wajen miliyan 5 da rabi ne, amma ɗakunan gumin da ke cikinta sun haura miliyan 3. A shekarar 2020 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan al'ada tasu cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Ɗakin ƙarami ne, an lulluɓe cikinsa da katako, da bencin zama. A gefe guda akwai murhu da aka jibga wa duwatsu. In duwatsun suka yi zafi, iskar ɗakin takan kai digiri 70 zuwa 100. Mutum ya shiga ya zauna kamar minti 10 ko 15, ya ɗan watsa ruwa a kan duwatsun tururi ya tashi, ya ɗauki ƙunshin ganyen wata bishiya tasu yana fyaɗawa a jiki. Daga nan sai ya fita ya sha iska, ya sha ruwa. A zamanin da, kafin asibitoci su yawaita, a cikin wannan ɗaki matansu suke haihuwa, domin shi ne wurin da ya fi ko'ina tsabta da ɗumi a gidan.

Uwargida, kin ji ganye, kin ji ruwan zafi, kin ji haihuwa. Ai ba sai an gaya miki abin da wannan ya yi kama da shi ba.

Namu na gado

Wankan jego, wanda a ƙasar Sakkwato ake ce wa wankan biƙi, shi ne babba. Mace ta haihu, a ɗora tukunya safe da yamma har kwana 40, a tsoma ganyen dogon yaro ko na sabara ko runhu a ruwan ana fyaɗa mata. Wasu gidajen sukan hura wuta a ɗakin mai jego, wasu kuma suna da gadon ƙasa wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa. Ga kunun kanwa, ga nama da yaji. Bayan wannan akwai sirace, wanda mai mura yakan lulluɓa da bargo a kan tukunyar ganye, akwai kuma turaren jiki da amare da matan aure suke yi a kan kasko.

Al'adar nan ba ta kau ba. A wani bincike da aka buga a 2006 a kan mata 300 na ƙauyen Danbare da ke kusa da Kano, an sami fiye da 8 cikin kowace mace 10 suna riƙe da wankan zafi bayan haihuwa. Kuma gaskiya akwai alheri a ciki. Mai jego tana samun hutu daga daka da ɗiban ruwa, tana samun tsabta sau biyu a rana, ruwan da aka tafasa ya rabu da ƙwayoyin cuta, ɗumi yana sassauta ciwon jiki, ga kuma iyaye da dangi suna kewaye da ita. Ba wanda yake da hankali da zai ce a watsar da wannan. Inda gizo yake saƙa shi ne wajen awo: zafin ruwan, da daɗewa a ciki, da rufe ɗaki da wuta.

Abin da likitoci suka gano

A shekarun 1970 wasu likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Dakta Davidson da Farfesa Parry, sun lura mata masu jego da yawa suna zuwa da kumburi da haki, zuciyarsu ta gaza aiki. Sun bi mata 224, suka buga abin da suka gani a 1978. A ganinsu, zafin wanka da na gado yana buɗe hanyoyin jini, ya sa zuciya ta yi ta gudu, kanwa kuma dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Ga zuciyar da ta riga ta sha ɗawainiyar ciki wata 9, sai kaya ya yi mata yawa.

Nan gida ma ba a bar mu a baya ba. A 2007 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato sun ba da rahoton cewa a asibitinsu ana samun mace 1 mai wannan ciwo a kan kowace haihuwa 102. Ki tuna babban asibiti ne, inda ake tura marasa lafiya daga nesa, amma duk da haka adadin yana da yawa ƙwarai in an gwada da na sauran ƙasashe.

Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitocin Nijeriya, a kan mata 406 masu wannan ciwo, aka buga shi a 2020. Su ba su sami shaidar cewa wankan zafi ko kunun kanwa su ne tushen ciwon ba. Abin da suka ga ya fi tafiya da shi shi ne rama, da hawan jini na masu ciki, da rashin karatu, da rashin sana'a. Watau ba wankan ne yake ƙirƙiro ciwon ba. Amma fa ki lura, macen da zuciyarta ta riga ta raunana, zafi mai tsanani da kanwa sai dai su ƙara mata nauyi.

Ga inda hatsarin ya fi girma. In mai jego ta fara kumburin ƙafa da haki, sai a ce sanyi ne ya shige ta, ba ta gasu ba. Sai a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Ita kuwa zuciya tana ta neman ɗauki, ana ƙara ɗora mata kaya. Haka ake ɓata kwanaki a gida, a kai mace asibiti bayan ta galabaita.

Wanne za ki zaɓa

In kin ƙwallafa rai a kan na Turawa, ga lissafinsa. Murhun lantarki na ƙaramin ɗaki yana cin wuta wajen kilowat 6, kamar ki jona dutsen guga 6 a lokaci guda. Ƙaramin janareton gida ba zai ɗauka ba, kuma dole ƙwararren mai aikin lantarki ne zai ja masa wayarsa ta daban, domin ruwa da wutar lantarki ba sa ga maciji. Mai amfani da itace kuwa sai an yi masa bututun hayaƙi da zai fita waje. Ƙaramin nan na naɗewa, wanda ake zama a ciki kai yana waje, bai kai wancan cin wuta ba, amma shi ma a ajiye tukunyar tururinsa a busasshen wuri, kuma kada a taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu.

Mai yiwuwa mai sayarwa ya gaya miki an yi bincike an ga ɗakin gumi yana kare zuciya. An yi, a garin Kuopio na Finlan, an buga shi a 2015. To amma maza 2,315 aka bincika, magidanta, a ƙasar da ƙanƙara take rufe ƙasa wata da watanni. Babu mace ko ɗaya a cikinsu, balle mai jego. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin rana a ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40. Wanda yake kwana yana tashi cikin gumi, ai ba sai ya sayi gumi da kuɗi ba. Shawarata ita ce ki gyara makewayin da kike da shi. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amfanin kuwa na gidan ne gaba ɗaya.

Yadda za ki shirya wurin

Ki fara tun ciki yana wata 7, kada ki bari sai naƙuda ta kankama. Ki zauna da maigida ku yi lissafi. Wanka sau 2 a rana har kwana 40, tukunya 80 ke nan, ki ga yawan itace da ruwan da za a nema.

Na farko, wurin wankan ya kasance kusa da ɗakin mai jego, don kada ta yi doguwar tafiya, kuma a raba shi da bakin masai. In hunturu ne, a kare shi da zana ko katanga ta ɓangaren gabas da arewa inda iska take kaɗowa, amma a bar sama ko wata kafa a buɗe don tururi ya fita.

Na biyu, ƙasan wurin. A yi masa siminti mai ɗan kaushi, kada a goge shi ya yi santsi. A karkata shi wajen rariya, a haƙa rami a bayan katanga a cika shi da tsakuwa don ruwan ya nutse. Ruwan da ya kwanta a lungu gidan sauro ne.

Na uku, murhu. A yi shi a waje, dab da makewayi, yadda ba za a ratsa tsakar gida da tafasasshen ruwa ba. Duwatsun murhun su zauna daram, tukunyar kuma ta kasance mai faɗin gindi. Kada a cika ta fal. A riƙa ɗiba da ƙwarya ko moɗa mai mariƙi ana zubawa a bokiti, kada mutum ɗaya ya ce zai sauke tukunyar gaba ɗaya. Yara masu rarrafe da masu tatata a ba wani ya riƙe su har a gama.

Na huɗu, a ajiye kujera 'yar tsugunno ta katako, mai jego ta zauna a kai. Macen da ta zubar da jini jiri yana iya ɗibarta in ta daɗe a tsaye cikin zafi. Ƙofar wurin kada a sa mata sakata ta ciki, kuma wata babba ta tsaya kusa. Mutanen Finlan ma ƙofar ɗakin guminsu waje take buɗewa, ba kuma sa kulle ta, saboda wannan dalili.

Na biyar, kuma shi ne uwa uba, randar ruwan sanyi ta kasance a wurin kullum. Ki fara zuba ruwan sanyi a daro, sa'an nan ki riƙa ƙara na zafi kina motsawa. Ki tsoma gwiwar hannunki. In ba ki iya barinta a ciki ba, ruwan bai yi ba, ki ƙara sirki. Mai ma'aunin zafi ta nemi digiri 40 ko kusa da haka.

Wata za ta ce, to ai Turawan nan suna zama a digiri 90 ba su ƙone ba. Busasshiyar iska ce, 'yar'uwa, ita kuwa a hankali take shigar da zafi a jiki, gumi kuma yana sanyaya fata. Ruwa ba haka yake ba. Ruwan da ya kai digiri 60 yana iya ƙona fatar babban mutum cikin 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, tafasasshe kuwa digiri 100 ne. Ganyen da aka tsamo daga tafasasshen ruwa aka fyaɗa a jiki nan take, ƙuna ake nema.

Garwashi a ɗaki

Gawayi da garwashi suna fitar da wata iskar guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. In ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita har sau 200 da wani abu. Alamunta su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da wani barci mai nauyi. Mai barci kuwa ba ya jin komai, sai dai a wayi gari a tarar da shi. Jariri ya fi kowa saurin kamuwa.

Saboda haka, in za a ɗumama ɗakin mai jego da hunturu, a shigar da kaskon wuta ƙofa da taga suna buɗe, ɗaki ya yi ɗumi, a fitar da shi waje kafin a kwanta. Kada a kwana da garwashi a ɗaki, kome sanyi. Zane mai kauri da bargo da hular jariri sun isa. Da bazara kuwa babu dalilin shigar da wuta ko kaɗan. In kin shiga ɗaki kin tarar mutane biyu ko uku suna kukan ciwon kai tare, ga wuta a ciki, kada ki tsaya cewa iskokai ne. Ki buɗe ƙofa, ki fitar da kowa sarari, a nufi asibiti.

Turaren jiki ma haka. Kanki ya kasance a waje da lulluɓin, ƙofa a buɗe, garwashin kaɗan, kuma ki guji mayafi na roba-roba mai saurin kama wuta. Sirace kuma a sauke tukunyar daga murhu, a ajiye ta a ƙasa, ba a kan cinya ba, minti 10 ya isa. Ƙananan yara kada a yi musu, domin motsi ɗaya za su yi ruwan ya kife a kansu. Sirace yana sassauta toshewar hanci, amma ba ya kashe zazzaɓin cizon sauro. Mai zazzaɓi ta je a gwada jininta.

Waɗanda zafi bai dace da su ba

Macen da aka ce tana da hawan jini lokacin ciki, ko ta yi jijjiga wajen haihuwa, ko ta zubar da jini da yawa, ko aka yi mata aiki aka ciro ɗan, duk waɗannan ruwa mai ɗumi kawai za su yi wanka da shi, su kuma bi abin da likita ya ce. Haka mai ciwon zuciya, da mai farfaɗiya, da mai sikila. Mai ciki kada ta shiga ɗakin gumi ko ta yi doguwar gashin jiki, musamman a wata 3 na farko, domin zafin jiki mai yawa yana iya cutar da ɗan da ke ciki. Kunun kanwa kuma a rage kanwar sosai, mai hawan jini ko kumburi ta bar shi ɗungum. Kunun gyaɗa da nono da wake da ganye da nama su ne masu mayar da jini da ƙarfi. Kowace mai jego ta sha ruwa kafin wanka da bayansa.

Jariri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a jinkirta wankansa na farko har ya cika awa 24. Bayan haka ruwansa ya zama mai ɗumi kamar jikin mutum, digiri 37.

Ga alamun da in kin gani za a dakatar da wanka a tafi asibiti a ranar: haki ko da ba a yi aiki ba, kasa kwanciya sai an jingina, tari da dare, kumburin ƙafa ko fuska, bugun zuciya da sauri, ciwon kai mai tsanani, jini mai yawa, ko zazzaɓi. Ku fara da asibitin da ya fi kusa, ko babban asibitin Tambuwal. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Sakkwato. Ko lafiya lau kike, ki koma a duba ki a kwana na 3, da cikin mako na 2, da kuma mako na 6, wanda ya zo daidai da arba'in.

In tsautsayi ya sa an ƙone, a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki ko toka, kada a fasa bororon. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai wa ma'aikatan lafiya.

Magana da manya

Na san wata tana karantawa tana cewa, ai ba ni nake haɗa ruwan ba, Inna ce, ko Goggo, ko uwar miji. Gaskiya ne, kuma su ma ƙauna ce ta sa suke tashi da asuba suna hura wuta. Kada ki fuskance su da gardama ko ki nuna kin fi su sani. Tun kina zuwa awon ciki, ki roƙi wadda za ta yi miki wankan ta raka ki ko sau ɗaya, ta ji bayani daga bakin ma'aikaciyar asibiti. Ki sa maigida a ciki, domin maganarsa tana da nauyi a wurin mahaifiyarsa. Ran wanka kuma ki ce, "Inna, don Allah a ƙara mini sirki, jiri nake ji." Babu uwar da za ta ji haka ta ƙi.

Ke kuma 'yar makaranta, ke ake aika ɗiban ruwa da iza wuta in yayarki ta zo wankan gida. Ki zama mai cika randar ruwan sanyi, mai janye ƙannenki daga bakin murhu, mai tunawa a fitar da kasko kafin a kwanta. Ki karanta wa Inna da Kaka wannan shafi a hankali, cikin ladabi. Wata rana ke ma za a ɗora miki tukunya, abin da kika koya yau shi zai amfane ki.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu jego ƙoshin lafiya, Ya raya abin da aka haifa.